Inna da Shanun Huɗa

Ni na rubuta takardar da hannuna. Gara in faɗi wannan tun farko, don kada wani ya karanta abin da zai biyo baya ya ɗauka an zalunce ni ne ina zaman zamana. Ina koyarwa a wata sakandare a Rano, kuma a unguwarmu duk wanda ya iya jera Turanci layi uku bai yi tuntuɓe ba, shi ake naɗawa sakatare. Haka na zama sakataren kwamitin unguwa na yaƙi da shaye-shaye, aka ba ni littafi mai baƙin bango da biro biyu.

Ba ƙarya muka yi ba, wannan kam ko yau zan rantse a kai. Kwalaben kodin sun cika kwatar bayan masallaci. Samari majiya ƙarfi suna jingine da katanga da rana tsaka, ido a lumshe, ka yi musu sallama sai ka kai kwana sannan amsa ta biyo ka. Ɗalibina guda ya faɗi a aji yana ta shure-shure, kumfa a baki, da aka laluba aljihunsa sai ga katin tiramol saura ƙwaya biyu. Saboda haka muka zauna muka tsara koke zuwa ga hukuma, muka ambaci kemis ɗin da ke kan kwanar unguwa, ni kuma na gyara nahawun na kai da kaina. Wata safiya jami'ai suka zo da mota, suka kwashe kwalaye, suka tafi da mai shagon kwana biyu. Da yamma a masallaci har layi aka yi ana ba ni hannu. Matata ta ce a makon nan har tafiyata ta canza.

Tiramol kuwa ko gezau. Ya dai sauka daga kan kantar kemis ya shiga aljihu. Ya koma wurin mai faci, da mai shayi, da mai tallan magani a faranti ranar kasuwa. Abin da muka yi nasarar rufewa shi ne wuri guda ɗaya da ake tambayar mutum me ke damunsa kafin a ba shi.

Mahaifiyarmu tana Unguwar Gai, a ƙasar Kibiya, tare da yayana. Shi ne ɗan fari, bai yi boko ba, ya riƙe gida da gona bayan rasuwar Baba. Inna Bafillatana ce. Da saniya guda ta shigo gidan Baba, kuma shanun huɗa biyun da Yaya ke taƙama da su, ja da fari, jikokin wannan saniyar ne. Kullum da safe sai ta je turke ta yi musu hira da Fillanci, hirar da ba ta taɓa yi da mu ba. Ni tana ce mini Auta. Shi kuwa Yaya, saboda kunyar ɗan fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mai shanu take ce masa, shi ma ba a gabansa ba. In tana son wani abu daga wurinsa sai ta faɗa wa matarsa, ko ta faɗa wa bango yana tsaye yana ji.

Wanda bai taɓa noma ba ba zai gane abin da ake nufi da kwanakin huɗa ba. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa yana so a yi masa yau, don in ta bushe sai a jira wani ruwan, masarar maƙwabcinka kuma ba za ta jira ka ba. Mai shanu zai yi tasa gonar, ya yi ta mutane. A da ana ɗaura wa sa karkiya da sassafe, hantsi ya ɗaga a kwance shi ya huta. Sai wani mai dabara, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya gano cewa in aka fasa kafson tiramol a cikin ruwan dusa da kanwa, sa zai ja garma har azahar, ya ɗan kwanta, ya koma la'asar. Kafin damina biyu kowa ya ɗauka. Wanda ya ƙi, shanunsa suna inuwa suna tuƙa, na wasu suna cinye aikin gari.

Ranar da na fara ganin Yaya yana fasa kafso a bokiti na yi masa wa'azi mai tsawo. Na kawo dokar ƙasa, na kawo lafiyar dabba, na kawo haƙƙin da Allah zai tambaye shi. Yana tsugune yana kankare laka daga bakin garma, bai katse ni ba har na gaji don kaina.

"To Malam," ya ce, "in ka gama, ga garma nan, ga gona can. Ka nuna mini yadda ake yi da Turanci."

Matar Yaya ce ta gano ciwon Inna, a wurin wanki. Ta riƙa ganin tabo a rigunanta, gefen hagu, da wani wari da sabulu ba ya fitarwa. Da aka matsa mata sai ta ce ai ƙurji ne, ya kusa shekara biyu, ba ta ga abin tayar wa mutane hankali ba. Na ɗauki shatar mota muka kai ta birni. Likitar, wata mai sanyin magana, ta duba ta, aka yi hotuna, sannan ta fito da ni baranda ta ce ciwon daji ne, ya bar nono ya shiga ƙashi, babu abin yankewa. Ta ce abin da ya rage mana shi ne kada ta sha wahala. Ta rubuta wani magani mai ƙarfi na ruwa, mofin, ta ce da shi za ta riƙa barci, ta ci abinci, ta yi sallarta.

Na riƙe takardar nan kamar na riƙe maganin. A tagar ba da magani ta asibitin farko aka ce babu, an daɗe ba a kawo ba. A wani asibitin aka ce akwai, amma yana cikin akwatin ƙarfe, mai mabuɗin kuma ya tafi taron bita, in dawo mako mai zuwa. Na dawo, aka ce ya dawo amma littafin da ake sa hannu ya cika, ana jiran sabo. A wuri na uku wani saurayi ya juya takardar gaba da baya, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce sai likitansu ya ga maras lafiyar da idonsa. Na san wannan kallon, don ni ma na sha yi wa mutane shi. Inna kuwa ba ta iya sake shiga mota, ramin hanya guda ɗaya sai ta sandare, gumi ya karyo mata. Na komo gida da farasitamol a leda.

Ina so a fahimce ni, ba na cewa a bar ƙwaya a buɗe kamar gyaɗa a faifai. Na ga abin da ta yi wa 'ya'yan mutane. Amma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, yadda aka sami motoci da ma'aikata da bindigogi don rufe ƙofa, aka kasa samun mutum ɗaya da zai zauna a taga da mabuɗi saboda tsohuwar da ƙashinta ke rubewa. Mai shaye-shaye bai rasa ba ko na yini guda. Inna ce ta rasa.

Ba ta kuka. Mata irinta ko a kan gwiwa ba a jin muryarsu, balle a gaban 'ya'ya. In abin ya taso sai ta cusa gefen mayafi a baki ta juya fuska bango, yatsunta suna kartar tabarma har kabar ta fara tsinkewa. Masu dubiya su shigo su ce ya jiki, ta cire mayafin ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ta tambayi yara da mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Suna fita ta mayar da mayafin.

Na yi kwana uku ina kewaya kwanar unguwarmu a Rano kafin na iya shiga kemis ɗin. Mai shagon ya tashi ya kakkaɓe mini benci. Da ma zagina ya yi da na fi jin daɗi. Ya sa tabarau ya karanta takardar a hankali.

"Allah sarki. Malam, wannan ko a da ban taɓa ajiye shi ba, sai manyan asibitoci. Ƙaninsa nake ajiyewa, tiramol, shi kuma kun san inda ya tafi."

"Ko kati ɗaya babu, Alhaji? Ga takardar likita a hannunka."

"Wallahi ko ƙwaya ɗaya. Na rantse ba zai sake kwana a shagon nan ba. In na nemo maka yau, gobe wa zai rubuta takarda a kaina?"

Ya yi wa Inna addu'a mai kyau, ya ɗauko man zafi ƙaramin gwangwani ya ce a riƙa shafa mata, ya ƙi karɓar komai. Na fito da gwangwanin a hannu.

A ranar Asabar ɗin na sami Yaya a bakin turke. Na zauna a kan turmi na yi tagumi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya zura hannu cikin jinkar rumbu ya zaro wata baƙar leda. Katunan kafso ne, kore da rawaya, babu kwali, babu takarda.

"Tun yaushe nake son in ce a gwada," ya ce. "Tsoron bakinka nake ji."

Na tambaye shi nawa ake ba mutum. Ni, mai digiri, sakataren kwamiti, ina tambayar mai garma awon magani. Ya ce shi dai na sa ya sani. Muka tsaya muna kallon jan san, muna kwatanta nauyinsa da na uwarmu, Yaya yana cewa ai ya yi Inna shida, ni ina cewa a yanzu ya fi. Da wannan lissafin muka fasa kafso muka ɗibi ɗan garin a cokali muka zuba mata a kunu. Ba likita, ba nas, sa ne ma'auninmu. Na san ganganci ne, mutum yana iya tafiya daga wannan barcin. Na zauna a bakin ƙofa ina ƙirga numfashinta har la'asar.

Ta farka ta ce tana jin yunwa. Ta ci tuwo da miyar kuka, ta sa matar Yaya ta yi mata kitso. Bayan kwana biyu ta dafa bango ta fita har turke, ta dafa goshin farin san tana yi masa faɗa da Fillanci wai ya rame. Ba mu ɓoye mata ba, ta san daga inda maganin yake fitowa. Har tsokana take yi, wai yanzu ita da su kwano ɗaya suke ci, saura a ɗaura mata karkiya.

Haka muka ci rani. Asabar da safe ina zaure a Rano ina rubuta bayanin taron kwamiti, wa ya ce me, wane lungu ya kamata a sa wa ido. Da yamma ina kan babur zuwa Unguwar Gai, in ja Yaya gefe in ce akwai saura? Ban taɓa saye da hannuna ba, ban ma yarda na tambayi inda ake sayowa ba, ko da yake na sani. Wani mai faci ne a kasuwar Kibiya, wanda muka yi firamare aji ɗaya da shi. Yaya ke zuwa, ni hannuna tsaf.

Gab da faɗuwar damina aka yi babban sumame. Aka tare hanyoyi, aka shiga kasuwanni, aka kama na kamawa, sauran suka shige rami. Kwamitinmu ya ga ya dace a aika da wasiƙar godiya, kuma ba sai na faɗi wanda ya rubuta ta ba. Yaya ya je Kibiya sau biyu ya dawo hannu wofi. Da aka zazzage baƙar ledar, kati ɗaya ya rage.

A daren Alhamis ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da safe Yaya ya ɗaura wa shanu karkiya ba tare da ya ba su komai ba, karo na farko cikin damina uku. Ina gida a lokacin, na bi shi gona na gani da idona. Suka ja layi huɗu, jan ya tsaya yana rawar jiki, yawu yana dalala, sai ya durƙusa a tsakiyar gona. Farin ya ga haka shi ma ya kwanta. Yaya ya yi tsawa, ya yi bulala, ya murɗa wutsiya, ya dawo yana lallashi. Suka dube shi kawai. Kwana uku ana wannan, ko rabin gonar masara ba a yi ba, waɗanda suka ɓoye tasu ƙwayar tun da wuri kuwa har sun fara shuka.

Ranar Lahadi da yamma, ina shirin komawa Rano, ya tare ni a tsakar gida yana murza hula a hannu.

"Malam, da za a ɗan raba. Kwana uku kawai nake nema. In na gama gonar nan, wallahi ko Kano ne zan je in nemo mata."

Ban bari ya rufe baki ba. Na ce masa ashe shanu sun fi masa uwarsa. Na ce masa mutumin da zai cire magani daga bakin mahaifiyarsa ya zuba wa dabba, ban san sunan da zan kira shi ba. Na faɗi wasu maganganun da ƙane ba ya faɗa wa wa, da ƙarfi, a ƙofar ɗakinta, ko tunanin tana ji ban yi ba. Na fizge katin daga hannun matarsa, wadda ita ce ke ba da maganin safe da yamma, na shiga ɗaki na danƙa shi a tafin Inna na rufe da yatsunta.

"Inna, ke za ki riƙe. Kada ki ba kowa, ko waye."

"To, Auta," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Na hau babur ina jin na yi dabara. Duk gidan na duba na ga mutum ɗaya ce ba za ta ci amanar Inna ba, wato Inna. Shekara arba'in da wani abu ina ɗanta, amma ban san ta ba.

Makon jarrabawa ne, ban sami zuwa ba sai Juma'a. Kullum ina kiran matar Yaya a waya in ce tana sha? Sai ta ce, "Ta ce ta sha." Ban lura da yadda take jera maganar ba. Ranar Juma'a tun daga kan hanya na hango gonarmu an huɗe ta kaf, daga bakin hanya har gindin ɗorawa, ƙasa baƙa tana sheƙi, har an yi shuka. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina ashe Yaya ya samo wani wurin.

Da na ɗaga labulen ɗakin sai da na ja da baya. Cikin kwana biyar ta zama rabin yadda na bar ta. Leɓenta na ƙasa ya tsage ya kumbura, gefen mayafin ya zama tsumma. Tana rawar sanyi tana gumi a lokaci guda, hamma tana zuwa mata a jere, irin wadda na sha gani a wurin samarin da aka tsare kwana biyu ba su sha ba. Ciwon ya dawo, ga kuma jikin da ya saba da magani yana neman abinsa. Na tambaye ta ina katin, ta ce ya ƙare.

A bakin murhu matar Yaya ta faɗa mini, tana kallon wuta. Ta ce ƙarar babur ɗina ba ta gama ɓacewa ba Inna ta ce a kira mata mai shanu. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa. Sai ta kira sunansa, sunansa na yanka, sau ɗaya, a fili. Matar Yaya ta ce ita kanta sai da gabanta ya faɗi, shi kuwa kamar an watsa masa ruwan sanyi. Inna ta miƙa masa katin ta ce ya kai wa shanu. Ya ce ba zai iya ba. Ta ce in ya bar huɗar nan ta wuce, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ya yi kuka kamar yaro, ya karɓa. Ta kuma ce duk wanda ya gaya wa Auta, shi ma bai fita ba.

Na koma ɗakin a fusace, na durƙusa a gabanta.

"Inna, don me? Don Allah don me? Dabbobi ne fa!"

Ta tattaro numfashi da ƙyar.

"Auta, ni a kwance nake. Su ne a tsaye. Dubi yaran da ke gidan nan. Ciwona ba ya hana kowa cin tuwo, amma in huɗa ta wuce me za a tuƙa?" Ta rufe ido, ta buɗe. "Kuma ni na san haƙuri. Su wa ya koya musu?"

Na fito na iske Yaya a zaure, ya sunkuyar da kai, na wuce shi ko kallo bai ishe ni ba.

Ranar kasuwar Kibiya na tafi da kaina. Na ce yau kam ko mutuncina zai zube a tsakiyar kasuwa sai na dawo da shi. Na bi 'yan acaɓa a tasha, na bi mai shayi, na bi masu faranti. Duk inda na tsaya sai hira ta mutu. Wanda bai san ni ba, na kusa da shi ya raɗa masa. Wani ya ce shi maganin basir kawai yake sayarwa, wani ya tattara farantinsa ya bar wurin tun kafin in ƙaraso. Daga ƙarshe na je rumfar mai faci.

"A'a, Malam sakatare! Iska ko faci?"

Na matsa kusa na rage murya na faɗa masa abin da nake nema. Na ce don mahaifiyata ne, tana kwance. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya dubi bakin hanya. Sai ya ɗaga murya yadda har masu awon hatsi za su ji.

"Ni? A'uzu billahi! Malam, ni faci nake yi, kowa ya san ni. Ban san ma yadda kalarsa take ba."

Na roƙe shi. Na tuna masa bencin da muka zauna a aji uku. Ya ci gaba da goga robar taya yana girgiza kai. Kuma ɓarnar da na yi ba ta tsaya a kaina kaɗai ba. Washegari Yaya ya je, ya tarar labari ya riga shi, wai kwamitin Rano ya turo sakatarensa yana ɗana tarko. Waɗanda da za su iya tausaya masa su ba shi a ɓoye, yanzu sun san ƙanen wa ne ya zagaya kasuwa jiya. Ko gaisuwarsa da ƙyar suka amsa.

Ranar Talata bayan azahar na ji muryar da ban taɓa ji ba. Ina alwala a tsakar gida. Ƙara ce guda ɗaya, doguwa, ta fito daga ɗakin Inna ta ratsa gidan ta fita waje. Kaji suka watse. Dattawan da ke zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi, don kada a ce sun ji. Na shiga na same ta ta ƙanƙame ƙafar gado. Da abin ya ɗan lafa ta kama hannun rigata.

"An ji ni a waje?"

"Ba wanda ya ji, Inna. Ba kowa a wajen."

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, idonta biyu, ba ta sami ko barcin da za ta tafi a cikinsa ba.

A zaman makoki kowa magana ɗaya yake yi. Mace mai haƙuri, mai dauriya, duk tsawon jinyar nan ba wanda ya taɓa jin ta ce wash. Dattawan dalbejiya su suka fi kowa nanatawa. Ina cewa amin, ina shafa fuska. Ina so in miƙe in ce ta yi ihu, kun ji, kuma da haƙƙinta ta yi, da an ba ta abin da likita ya rubuta da ba a buƙaci wannan haƙurin da kuke yabo ba. Ban miƙe ba. Yaya yana gefena a kan tabarma ɗaya, kafaɗa tana gogar kafaɗa, tun ranar Juma'ar nan ba mu yi wa juna magana ba.

Ranar sadakar uku mai faci ya zo, da wankakkiyar riga. Ya tsuguna aka yi addu'a, ya bi layi yana ba da hannu. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya sunkuyo.

"Wallahi tallahi na ɗauka tarko ne. Ka yafe ni, Malam. Sai jiya na ji."

Ya saki hannuna ya bar abu a ciki. Kati ne cikakke, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba. Ban san abin da yake so in yi da shi ba, ina jin shi ma bai sani ba, abin da yake da shi ke nan ya kawo. Na tura shi ƙarƙashin cinyata na zauna a kai. Liman yana jan addu'a, mutane suna shigowa suna fita, ni ina jin gefen katin yana sukata ta cikin wando har aka kira la'asar.

Da mutane suka watse na zagaya bayan gida. Yaya yana tsaye a turke, hannu a goye a baya. Shanun sun koma yadda suke, jan yana kwance yana rawar jiki, ko harawar da ke gabansa bai taɓa ba. Gonar gyaɗa ta bayan dutse har ranar ba a sa mata garma ba, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Na tsaya kusa da shi. Na yi niyyar in jefa katin a masai, na yi niyyar in kai wa kwamiti a matsayin shaida, duk na yi wannan tunanin a kan tabarma.

Na miƙa masa. Ya dubi katin, ya dube ni, bai tambayi inda na samo ba. Da sassafe ya dama dusa da kanwa, ni na riƙe masa bokitin.